Mece Ce Ita A Wurinki?

Tela ake kiranta, duk da cewa teloli a layin sun kai biyar. Shagonta ɗan tsukuku ne tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da fenti: keke biyu, madubi mai tsaguwa a kusurwa, sai bencin da masu jiran ɗinki suka goge da zama har yana sheƙi. Allah bai ba ta haihuwa ba, amma ta yi raino. Ƙanwarta ce ta rasu ta bar jaririya 'yar wata huɗu, Tela ta ɗauke ta, tana goye da ita tana taka keke. A cikin ƙyallaye yarinyar ta yi rarrafe, shi ya sa aka laƙa mata Ƙyalle, sunan kuwa ya bi ta har girma.

Ƙyalle ta yi karatu, ta samu gurbin koyon aikin jinya a ƙasar waje. A shekararta ta biyu ta bugo waya tana ta kwana-kwana, kafin ta fito fili ta ce an sayar da gidan da take haya, dole ta kama wani ɗakin kafin ƙarshen wata.

"Shi ne kike ta kewaye-kewaye?" in ji Tela. "Gobe da safe zan tura miki."

Ita a zatonta miƙa kuɗi za ta yi a ba ta rasit, ta koma kan ɗinkinta. Tun daga ƙofar banki aka karɓe almakashin da ke jakarta. Da layi ya zo kanta, wata ma'aikaciya mai tabarau ta nemi shaidar inda take zaune, wato takardar kuɗin wuta. Washegari ta kawo. Sunan da ke jiki na mahaifin mai gidan hayarsu ne, wanda ya rasu tun kafin Tela ta tare a gidan. Aka ce sai mai gida ya rubuto wasiƙa. Ta kawo wasiƙar.

"Daga ina kuɗin suka fito?" ma'aikaciyar ta tambaya.

"Daga ƙafafuna, 'yar nan. Keke nake takawa."

"Akwai shaida?"

Tela ta je ta ɗauko littafin awonta, shafi bayan shafi na ƙugu da kafaɗa da tsawon hannu. Ma'aikaciyar ta duba, ta danne dariya, ta ce takardar ƙungiyar teloli ake nufi. Ita ma an samo ta, a rana ta huɗu.

Sai aka zo layin ƙarshe na fom ɗin tura kuɗin.

"Mece ce ita a wurinki, Mama?"

"'Yata ce."

"To, sai takardar haihuwarta."

Wannan kam tana nan a jaka, a naɗe cikin leda. Ma'aikaciyar ta karanta, ta dubi katin shaidar Tela, ta sake karantawa.

"Sunan uwar ba naki ba ne."

"Na ƙanwata ne. Ita ta haife ta."

"Amma kin ce 'yarki ce."

"'Yata ce mana. 'Yar ƙanwarki 'yar wa ce?"

Ma'aikaciyar ta cire tabarau ta murza idonta. Ta ce a fom gida huɗu ne kawai: ɗa ko 'ya, iyaye, miji ko mata, sai wani daban. In za a sa ta a 'ya, sai an kawo takardar da ta nuna Tela da marigayiya ciki ɗaya suka fito, da kuma wadda ta nuna hukuma ta ba ta riƙon yarinyar.

Tela ta fito ba ta san ko hagu za ta yi ko dama ba. Ta zarce wurin yayansu, tsohon direba, ta same shi yana jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi.

"Yaya, wace takarda ce ta nuna ni da marigayiya 'yan'uwa ne?"

"Hancinku," in ji shi. "Ki kai musu hotonta su gwada."

Bai yi tsammanin za ta ɗauka da gaske ba, amma ta saka hoton a jaka.

A rana ta shida mai tabarau ba ta zo aiki ba. Wani dattijo mai furfura a gemu ne a kujerar. Ya bi tarin takardun ɗaya bayan ɗaya, har da hoton, sannan ya tura mata su.

"Mama, abin da za ki tura bai kai a yi wannan wahalar ba. Ki sa alama a wani daban, dalili a rubuta kyauta. Ba a neman shaida."

"Wato in sa hannu cewa ba ta haɗa komai da ni ba?"

"Ba haka ake nufi ba. Gida ne kawai a takarda."

"To me ya sa da na faɗi gaskiya aka hana?"

Dattijon ya miƙa mata biro. Ta daɗe tana riƙe da shi kafin ta sa alamar. Ko minti goma ba a yi ba aka ba ta rasit.

Bayan kwana uku tana yankan riga Ƙyalle ta bugo.

"Inna, kuɗi sun iso, Allah ya ƙara buɗi. Amma sun ba ni fom, wai in rubuta mece ce ke a wurina. Na sa uwa, sun ce bai yi daidai da na can ba. Me kika rubuta?"

Tela ta ajiye almakashi, ta ce:

"Akwai gidan da aka rubuta wani daban?"

"Akwai."

"Sa alama a nan. In kin dawo ma yi maganar."

Ta ajiye wayar ta ci gaba da yanka. Sai da ta zo haɗawa ta ga hannuwan rigar duka biyu na dama ta yanka.