Tsaya-in-duba Ta Ajiye Aiki

Ni na fara gane darajar matar nan, tun kafin manyan asibitin su san da zamanta. Shekara talatin da ɗaya tana bayan tagar ɗakin magani. Kafin bakwai ta goge kantar tagar, ta jera kwalaye, ta fito da gilashin ƙara girman rubutu daga aljihun farar rigarta. Duk wanda ya miƙo takarda sai ta ce, "Tsaya in duba." Masu layi suka laƙaba mata shi don haushi. Ni ma na faɗa, Allah ya yafe mini.

Ciwona shi ne wanda likitoci ke kira siliyak. Alkama ce ke ɗaye cikin hanjina, abinci ya wuce jiki bai tsotsi komai ba. Na bar burodi, na bar taliya, 'yata ta ware mini tukunya da ludayi. Likita ya ɗora ni kan ƙwayar ƙarin jini da bitamin. Wata takwas ina haɗiya, jini ya ƙi hawa. Ni da nake saɓa buhun siminti biyu, sai ga ni ina hutawa tsakanin gado da banɗaki.

Likita ya ce da 'yata, "Babanki yana cin burodi a ɓoye." Ta koma gida tana ɗaga katifata. Wannan ya fi ciwon ci mini rai.

Ran nan a tagar na ce, "Malama, ba ni jajayen nan, sauri nake."

"Baba, naka sun isa ƙarewa tun makon jiya. Me kake sha a tsakani?"

"Ja mana. Shagon bakin titinmu ma akwai, can na saba saye duk sanda naku suka ƙare."

"Jan magani ya fi ɗari. Ina kwalin?"

"Da kwalin zan haɗiya?"

Ban yi boko ba, da launi nake gane magani. Ba ta yi dariya ba. Ta zaunar da ni a kujerarta, ta tura 'yata shagon ta kawo kwalin, layi na ta tsaki. Ta ɗora gilashi kan wani rubutu kamar ƙafar tururuwa, ta daɗe a kai.

"Baba, da sitacin alkama aka haɗa wannan. Ba kowace ƙwaya ba ce haka, amma wannan kam akwai. Abin da ka bari a kwano, shi kake haɗiya da ruwa."

Ta rufe tagar, ta tafi ofishin likita da ƙafarta, ta ajiye masa kwalin ta ce, "Tsohon nan bai yi ƙarya ba." Da ta dawo ta yanke fuskar kwalin da ya dace da ni, ta manna a kati, ta ce in nuna shi duk inda zan karɓi magani.

Malama, ke ce kika wanke ni a idon 'yata. Ke ce mai idon da bai raina ƙaramin rubutu. Na gode, Allah ya ba ki hutu mai albarka, ya bar miki ganinki. Ku da kuka gaji tagar, ku tambayi mutum abin da yake sha, ku karanta masa abin da ba zai iya karantawa ba.

Yau shekarata saba'in da tara, na binne sa'o'ina da yawa. Mai shakkar maganata ya zo gobe da safe mu hau benen asibitin tare, hawa huɗu, mu ga wanda zai fara kama bango.