Layi Ɗaya da Na Goge Daga Bacirawa

Bacirawa, ƙarfe shida saura kwata

Ina idar da sallar asuba na rataya jakata na fito titi. Ɓarnar hannuna ce ta fito da ni. A Gidan Rimi, wani ƙauye a bayan Bici inda waya ba ta samun sabis, na haɗa wa makarantar firamare intanet da wata tsohuwar kwamfuta mai aiki da tsarin Linux. A kanta na ɗora manhajar nan ta kyauta mai nuna wa saƙo hanyar da zai bi, wadda kowa ke iya buɗe cikinta ya gyara. Ranar Laraba ina kishingiɗe a ɗaki, na shiga kwamfutar daga nesa, wai ni gwani zan yi mata kwalliya, na goge layi ɗaya. Ashe shi ne hanyar fita waje, kuma ta nan ni ma nake shiga. Ƙauyen ya yanke, ni kuma ƙofa ta rufe min. Na ce ba gaggawa, sai Asabar.

Bici, bakwai da kwata

Motarmu cike take da buhunan taki, sau biyu ana tsayar da mu a shinge. A tasha na sha koko da ƙosai a tsaye, sannan na tari ɗan acaɓa.

Da na ce masa Gidan Rimi, sai ya ce, "Kai ne injiniyan makarantar? Ai tun shekaranjiya Baba Modu ke aikowa a kira ka."

Nan take na tuna baƙuwar lambar da ta kira ni sau biyu ban ɗauka ba. Baba Modu dattijo ne mai ciwon ƙafa, asalinsu Maiduguri. Duk Alhamis yakan dogara sanda zuwa ofishin hedimasta, ya gaisa ta intanet da yayarsa Falmata, wadda ke kwance a can Maiduguri ba lafiya.

Gidan Rimi, takwas da rabi

Kilomita goma sha biyu ne, amma taɓo ya cinye mana kusan awa, gero na dukan kafaɗunmu hagu da dama. Tun daga nesa na hango tabarmi a ƙofar gidan Baba Modu. Hedimasta, Malam Lawan, ya ce min jiya wani da ya dawo daga Bici ya kawo labarin rasuwar Falmata.

Gyaran bai kai minti huɗu ba. Ina mayar da layin, wayar Malam Lawan ta hau ƙara, saƙonnin kwana uku na shigowa. Har da muryar Falmata ta ranar Alhamis. Muka kai wa Baba Modu, ya kara wayar a kunne.

"Modu, ina ta jiranka, ka yi shiru. Lafiya kuwa?"

Sau uku ya sa aka sake kunna masa. Ya dube ni ya ce, "Sannu ɗana, ka sha hanya."

Na kasa haɗiye wannan sannun. Na durƙusa na ce, "Baba, ba lalacewa ta yi ba. Ni na taɓa, kuma na ƙi zuwa da wuri."

Ya ce, "Kwananta ne ya ƙare, ba kai ka ƙarar da shi ba. Na dai so in amsa mata, kada ta tafi tana zaton na manta da ita."

Komawa gida

Na bar garin bayan azahar, ko tuwon da aka kawo min ban iya taɓawa ba. Da la'asar na sauka Bacirawa lafiya, alhamdu lillahi. Ina gode wa Malam Lawan da ya rako ni har bakin rafi, da Baba Modu da ya yafe min. Ni ne dai har yau ban yafe wa kaina ba.