Jan Layin Mis Earline

Shekara talatin da huɗu, ƙarfe shida da kwata na safe bai taɓa samun Mis Earline Tubbs a gida ba. Kafin lokacin ta riga ta ajiye tsohuwar motarta a bayan makarantar likitancinmu, ta hau bene da ƙafa domin ba ta yarda da lif ba, ta ɗora kofi, ta sauya takalmin hanya da na ofis. Daga nan sai ta jawo ƙaramin tebur zuwa bakin babban ɗakin darasi, ta shimfiɗa takardar sa hannu, ta ɗaure biro da igiya, don a cewarta ba ta taɓa ganin ɓarayin biro irin masu shirin zama likitoci ba. Bakwai da minti biyar daidai, sai ta ɗauki rula da jan biro ta ja layi a ƙarƙashin suna na ƙarshe. Duk wanda ya sa hannu a ƙasan layin nan ya makara, ko da haki ya iso.

Dokar ba ta da kwana-kwana. Makara uku daidai take da fashi ɗaya. Fashi biyu ba izini, sai gaban kwamitin ladabtarwa, kuma abin da kwamiti ya rubuta yana shiga wasiƙar da za ta bi ka duk asibitin da ka je neman gurbin ƙwarewa. Wanda kuwa ya sa wa wani hannu, kora ce hukuncinsa. Ba ita ta kafa dokar ba, amma fuskarta muke gani kullum, don haka ita muka ɗora wa haushin. Muka laƙaba mata suna Jan Layi, ta sani sarai, ko a jikinta.

Mai makara kan ce, "Don Allah Mis Earline, jirgin ƙasa ne ya tare hanya."

"Ni ma ta nan na biyo, Likita. Ni ya bari na wuce, kai kuma ya tsaya ku gaisa ko?"

Likita take kiranmu tun ba mu iya awon jini ba, kuma mun san ba yabo ba ne. Abin da ba mu lura da shi ba, saboda yarinta da son kai, shi ne wanda ya je mata da gaskiya kafin lokaci bai taɓa dawowa da ɓacin rai ba. Akwai wadda naƙuda ta kama ana tsakiyar zango, Mis Earline ta bi malamai ɗaya bayan ɗaya har aka sake mata jadawali, ba ta maimaita shekara ba. Akwai wanda aka yi wa rasuwar uba, ya zo yana neman takardar izini, ta ce, "Tafi ka binne babanka, ɗana, takarda aikina ce." Waɗannan ba su cika ba da labari ba. Masu makara su ne masu baki.

A ajinmu, shekara ashirin da biyu da suka wuce, babu wanda ya riƙe ta a zuci kamar Reuben Hargrove. Shi ya ba ni labarin nan da bakinsa, ya kuma ce in sa sunansa kada in sakaya.

Reuben kansa na ja, kuma tun ranar farko ya san inda ya nufa: tiyatar ido, a babban asibiti can birnin Boston. Amininsa Kiet Duong ne, ɗan masunta daga bakin teku, wanda duk danginsa suka zuba wa ido a matsayin likitan farko a gidan. A shekara ta biyu Kiet ya faɗi jarrabawar da bai taɓa zaton zai faɗi ba. Bai gaya wa gida ba. Wata Litinin ya kira Reuben ya ce, "Mutumina, mura ta kwantar da ni. Sa min hannu yau kawai."

Reuben bai yi dogon tunani ba. A wurinmu wannan shi ne abota: ka kare wa ɗan'uwanka takardarsa kada tabo ya hau ta. Mu ɗari da sittin ne a aji, wa zai lura? Ya sa hannun ranar Litinin, ya sa na Talata. Mura ta ƙi ƙarewa, waya ta fara shiga ba a ɗauka, sai saƙo guntu: gobe ma. Reuben yana fama da nasa karatun, ya ce a ransa mutumin ya kulle kansa ne yana haddar littafi, kamar yadda da yawanmu muke yi. Har kwana tara yana kwaikwayon sa hannun, yana ma jin daɗin yadda ya ƙware, bai taka ya je gidan ba ko sau ɗaya.

Rana ta tara, ana fitowa darasi, Mis Earline ta kira shi ofis ta tura ƙofa. Ta jera takardu tara a kan tebur.

"Zauna, Likita. Ina Kiet?"

"Yanzun nan ya fita, ranki ya daɗe. Ina jin ɗakin karatu ya nufa."

"Yaron nan shekara ɗaya da rabi sunansa bai taɓa wuce na biyar ba, tare muke buɗe ƙofa. Yanzu kullum yana manne a ƙarƙashin naka, kuma ya koyi danne biro har yana huda min takarda. Ba wannan na tambaye ka ba. Yaushe rabon da ka gan shi da idonka?"

Reuben ya buɗe baki zai kawo wata ƙaryar, sai ya tarar shi kansa bai san amsar ba. Ya ƙirga a zuci, ya ce kwana goma sha ɗaya. Ba ta yi masa faɗa ba. Jakarta ta ɗauka da makullin mota, ta ce, "Tashi ka nuna min gidan."

Rana tsaka suka isa. Sun daɗe suna bugun ƙofa, sai da ta je ta taso mai gidan hayar ya kawo makulli. Labule a sauke, ɗaki na wari, abinci ya bushe a kwanuka. Kiet yana zaune a ƙasa ya jingina da gado, ya rame har Reuben ya ja da baya. A kan tebur akwai wasiƙu biyu, ɗaya ta barin makaranta, ɗaya zuwa ga mahaifiyarsa. Mis Earline ta karanta ta biyun, ta ninke ta sa a jaka, kuma har yau ba ta gaya wa kowa abin da ke ciki ba. Ta durƙusa da gwiwoyinta masu ciwo ta kama fuskarsa ta ce, "Na nemi sunanka ban ga hannunka ba, ɗana. Tashi mu je." Ita ta kai shi asibiti, ita ta kira mahaifiyarsa, ita ta nemo masa hutun jinya na wata huɗu.

Washegari kuma ta kai takardun nan tara gaban kwamiti.

Nan ne Reuben ya kasa yafewa. Ba a kore shi ba, abin da ya ba kowa mamaki, amma an sa layi ɗaya a wasiƙarsa, kuma layin nan ya ishi Boston ta juya masa baya. Ya ƙare likitan iyali a wani ƙaramin gari mai nisan awa uku daga makarantar. Duk sanda aka ambace ta sai ya ce, "Ta ceci Kiet, na yarda. To me ya hana ta yin shiru daga nan? Muguwa ce kawai." Ranar yaye mu ta tsaya a bakin ƙofa tana miƙa wa kowa hannu, shi ya kawar da kai ya wuce.

A watan jiya ta yi ritaya. An aika wa tsofaffin ɗalibai fiye da dubu huɗu goron gayyata zuwa walimar rana, ranar Juma'a. Mutum ashirin da uku suka zo. Ita da kanta ta gasa kek ɗin dankali mai zaƙi har faranti shida, huɗu suka koma gida ba a taɓa ba. Don raha ta shimfiɗa takardar sa hannu a bakin ƙofa, da biro ɗaure da igiya, kuma sunan farko na Kiet ne, wanda yanzu likitan yara ne, ya hawo jirgi daga can yamma. Reuben ya goge gayyatar bai ma gama karantawa ba. Ni kuwa na aika uzuri cewa ina da marasa lafiya, alhali da na so da na sami wanda zai riƙe min na awa biyu.

A wurin walimar ne Likita Rosalind Ferrante, wadda ta shugabanci kwamitin a wancan lokacin, ta miƙe da sandarta ta ce yau za ta karya alkawari. Ta ce ranar zaman, an riga an rubuta takardar korar Reuben, sai Mis Earline ta nemi izinin magana, ita da ba ta da kujera a kwamitin. Mis Earline ta ce, "Tun rana ta biyu na gane hannun ba na Kiet ba ne. Na ce yaran kirki ne, bari in kawar da kai sau ɗaya a rayuwata. Kwana bakwai na yi shiru yaro yana mutuwa a ɗaki. In za ku kori Reuben kan kwana tara, biyu ne nasa, bakwai nawa ne." Aka yaga takardar korar. Ita aka rubuta wa gargaɗi, kuma shugabancin ofis da ake shirin ba ta a shekarar aka ba wani. A teburin nan ta ci gaba da zama har ta tsufa. Sharaɗinta ɗaya, kada Reuben ya sani, don kada ya ɗauki nauyin da ya fi wanda yake ɗauke da shi.

Ke ce, Mis Earline, muka ɗauka kina farautar masu laifi, ashe ƙirga mu kike yi kowace safiya ki ga ko wani ya ɓace. Ke ce kika yi sassauci sau ɗaya, kika ga abin da ya kusa jawowa, kika zaɓi mu tsane ki da dai ki sake. Uwar masu makara, mun ci amanar kirkinki, kuma abin yana yi mana ciwo.

Kiet ne ya kira Reuben daga filin jirgi ya zayyana masa komai. Reuben ya yi kwana takwas yana juya maganar, yana rubuta wasiƙa yana yagawa. Ranar Asabar da hantsi ya tuƙa awa ukun nan. Ya same ta a baranda tana ɓare wake a cikin roba. Ta dube shi ta saman tabarau.

"Likita Hargrove. Ka yi ƙiba."

"Ranki ya daɗe, na zo ne..." Duk jawabin da ya tsara a mota ya watse. "Me ya sa ba ki gaya min ba?"

"Rosalind ba ta iya riƙe baki ba, tsufa ya lalata ta. Zauna ka taya ni ɓara, hannunka ba ciwo yake ba."

Ya zauna. Suka ci gaba da ɓarar wake, hawaye na zubo masa yana sharewa da kafaɗa. Can ya ce, "Shekara ashirin da biyu ina zaginki."

"Na sani. Ba kai kaɗai ba ne, kada ka ɗauki kanka da muhimmanci." Ta ture ɓawon gefe. "Ni ma akwai abin da nake so in tambaye ka. Boston ɗin nan, har yanzu tana yi maka ciwo?"

"Wani lokaci."

"Ni ma. Na so in ga ka je. Amma da na ɓoye takardun nan, da gobe wani ya sa wa abokinsa hannu, kuma ba lallai mu isa a kan lokaci ba. Mutanen garinku suna samunka in sun zo?"

"Kullum, ranki ya daɗe. Bakwai saura kwata nake buɗewa."

"To ka gani."

Ta miƙe da kyar ta shiga ciki, ta fito da takardar walima, da rula, da jan biro. Sunaye ashirin da uku, ƙasansu fari fat. Ta ce ranar walimar ta ɗauki rula za ta ja layi, hannunta ya ƙi, ta ce bari ta ɗan jira ko jirgin ƙasa ne ya tare wani. Ta miƙa masa biro. "Naka kaɗai, Likita. Kada in ga na wani." Ya sa hannu a lamba ta ashirin da huɗu. Ta daidaita rula, ta ja layin a ƙarƙashin sunansa.

Yanzu an ɗauke teburin daga bakin ɗakin darasi. Ɗalibai kati suke gogawa a jikin na'ura, ita kuma tana ƙirga daidai ba kuskure, sai dai ba ta san wanda ya saba zuwa na biyar ba, ba ta kuma da mota. Don haka ku da kuke aji yanzu, in kujerar abokinku ta kwana biyu ba kowa, kada ku rufa masa asiri, ku je ku buga masa ƙofa. Ku kuma da aka ba ku riƙon rajista a ko'ina, ku koyi hannun mutanenku kamar yadda ta koyi namu.

Mun gode, Mis Earline. Allah ya ƙara lafiya, ya sassauta ciwon gwiwa, ya saka miki da abin da mu muka kasa. Mu dubu huɗun da muka aika uzuri mun san inda sunanmu ya faɗa, ba mu kuma da jirgin ƙasan da za mu ɗora wa laifi. Ki rubuta mu cikin waɗanda suka makara, mun cancanta. Amma don Allah kada ki rubuta cewa ba mu zo ba.