Ƙarfen da Ke Fuskar Zailani Tela

Faɗanmu na farko da Zailani a kan mai ne. Ina sayar da kwaɗon zogale a bakin shagonsa a unguwar Bukoki, nan Yamai, shi kuma kullum safe sai ya fito da keken ɗinkinsa ya ɗiga masa mai, har ya fallatsa mini cikin roba. Na ce, "Kai tela, ganye mutane suka zo ci, ba keke ba." Ya ce, "Inna, yi haƙuri, ƙarfe in bai sha mai ba tsatsa yake yi."

Haka yake tun zuwansa daga Dogondutsi yana saurayi. Almakashi, kwaɗon kulle ƙofa, ƙyauren shago, babu wanda ya tsira. Matarsa Iklima ɓoye wuƙaƙenta take yi.

Jajibirin layya, yana duƙe yana kwance igiya, ragonsa ya tunkuye shi a fuska. Ƙashin da ke tallafe da idon dama ya fashe, idon ya zurma. Likitoci suka yi masa aiki, suka shimfiɗa ɗan faifan ƙarfe ƙarƙashin idon, suka ɗinke. Ya duba a madubi, ya ce ɗinkin ba laifi, amma da shi ne da ya ninke bakin.

An ce kada ya taɓa wurin. Ya ji. Sai dai damina ta kama, kuma a ganinsa likita nama ya sani, ina ya san ƙarfe? Sai ya riƙa ɗaga auduga yana ɗiga wa ɗinkin man keke. In hadari ya taso, ya ɗaure rabin fuska da baƙar leda.

Kunci ya kumbura, ya yi ja, ya ɗau zafi. Da ruwa rawaya ya fara tsattsafowa, murna ya yi.

"Inna, kin gani? Tsatsar ce ke fita."

"Mugunya ce, sakarai! Ƙudajen mahauta duk sun dawo kanka."

Bai yarda ba sai ranar da ya ɗaga allura ya ga kafa biyu, ya rasa wacce zai zura wa zare. Nan ya yarda a kai shi asibiti, don ban da ɗinki bai iya komai ba. Ni da Iklima muka cusa shi cikin taksi, da zazzaɓinsa da ledarsa.

Likita ya tambaye shi me ya sa wa ciwon. Ya zaro kwalbar daga aljihu, ya ce mai kyau ne, ba gauraye. Likita ya dafe kai, ya ce irin wannan ƙarfen ko cikin kogi ya shekara ba ya tsatsa. Zailani ya ce, "To likita, an cuce ku, ba ƙarfe aka sayar muku ba."

Suka ciro faifan, suka wanke ramin, suka yi ta ɗirka masa allura. Ido ya tsira da ƙyar, kafar allura ta koma ɗaya. Suka ce in wurin ya warke sarai, na roba za su sa.

Ranar da zai tafi jinya gidan surukansa a Gudel, na same shi tsaye yana ƙare wa firigo kallo, na'urar sanyaya ruwan nan ta mai sayar da ruwan sanyi. Ya matso ya rage murya.

"Inna, roba fa, da zafin bazarar Yamai, ba ta narkewa?"

Na ce, "Zailani, ka nemi inuwa ka zauna kamar kowa. In na ji ka sa kanka cikin firigo, ni da hannuna zan rufe ƙofar."