Inna Mai Turmi

Shara ce ta kai ta ɗakin binciken tsirrai, bayan mijinta ya rasu ya bar mata yara uku. Ta goge tebura, ta wanke kwalabe, ba ta taɓa abin da ba a sa ta ba. Rannan Dakta, shugabar ɗakin, wata siririyar mata da kullum take neman tabaraunta, ta zo da ciwon hannu. Ta miƙa mata ɗan turmin tangaran da ganye a ciki, ta zuba wani ruwan sanyi mai hayaƙi, ta ce ta taimaka. Kafin Dakta ta juyo ganye ya zama gari lukwi. Daga ranar ɗalibai suka laƙaba mata Inna Mai Turmi, aikin kuma ya zama nata.

Dakta ba ta da rowar bayani. Ta gaya mata cewa a cikin ƙwayar halittar tsiro akwai ɗan sashen da ke ba ta ƙarfi, mitokondiriya, yana da nasa rubutun gado, wato bayanin halayen da tsiro ke gada daga iyayensa. A tsakiyar rubutun akwai wasu guntaye, intiron, da ake yankewa kafin a yi aiki da shi. Wasu tsirrai sun zubar da nasu tun zamanin da, danginsu kuwa suna riƙe da su har yau. Inna ta tambaya ko sanin wannan zai sa abinci ya yi araha. Dakta ta yi dariya, ta ce ba ta jin haka, ita dai so take ta san yadda aka yi. Gaskiyar nan ta kwanta wa Inna a rai.

Da wannan turmi ta yaye yaranta daga makaranta. Da girma ya zo, hannunta ya fara rawa, har wata safiya ta ɓarar da garin ganyen wani itace da aka sha wahalar renonsa. Ta share wurin, ta ɗauki mayafinta, tana ganin zamanta ya ƙare.

Dakta ta tare ta a ƙofa. "Inna, ina za ki? Ganye ne fa, zai sake tohowa. Ke kuma ina zan samo wata?"

Ta mai da ita gidan renon tsirrai, inda aikin ban ruwa ne da tsinkar ganye. A can ta ƙarasa shekarunta na aiki. Yanzu tana zaune wurin autarta, malamar asibiti. Duk wanda ya kawo mata gaisuwa sai ya sha labarin Dakta, da addu'a a ƙarshe, ko da sauri yake.