Sadiƙu, Ƙishirwarka Ta Ƙare

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 17 ga Ramadan 1445, ƙanena Sadiƙu Sabo, ɗan kabu-kabu a Tawa, ya faɗi daga kan babur da la'asar. Kafin a sha ruwa rai ya yi halinsa.

Sadiƙu, na yarda da ƙaddara, amma wallahi raina a ɓace yake.

Tun muna yara a Bambeye ba ka rabuwa da moɗa. Ka sha, ka zaga, ka dawo ka sha. Sai da muka je Yamai wata likita ta warware mana. Ta ce ƙwayoyin halitta da suka shimfiɗe bututun ƙoda fuska biyu gare su, ɗaya na kallon jini, ɗaya na kallon fitsari. Kowane sinadarin furotin da aka ƙera a ciki, akwai fuskar da ake aika shi, kamar yadda kake sauke fasinja a ƙofar gidansa. Wanda ke maido ruwa cikin jiki, fuskar fitsari ce masaukinsa. Naka ba ya isa, a hanya yake maƙalewa, ruwa kuwa ya wuce cikin fitsari. Ta ce kada ka kuskura ka yi azumi. Liman ma ya ce ka ciyar.

Ka ciyar kuwa. Tsohuwa Tanna mai ƙosai shaida ce, ita da kake kai wa gero, ka ɗauke ta zuwa kasuwa kyauta. Jarkar da ke ɗaure a baburinka, wane mai ƙishi ne bai sha ba?

Amma 'yan fadarku, abokan hirarka, ba su bar ka ba. "Ƙato kamar kai, mi ya hana ka azumi?" Kullum sai sun faɗa, suna dariya. Haba jama'a! Kun leƙa ƙodarsa ne? Allah ya yi wa bawansa sauƙi, ku kuka ƙi. Bana kunya ta ci ƙarfinka, ka kwance jarka, ka ɗauki azumi cikin zafin bazara, ba ka gaya wa kowa a gida ba.

Ga 'yan fadar nan sun cika tabarmar makoki, kowa ya sunkuyar da kai. Saratu matarka da ƙaramar 'yarka Samira fa, wa zai ciyar da su?

Allah ya ba Inna da Saratu haƙuri, ya raya Samira. Allah ya jiƙanka, Sadiƙu, ya gafarta maka, ya shayar da kai daga Alkausara, shan da babu ƙishirwa bayansa. Amin.

Yayarka, Raƙiya.