Tsutsar da na yi wa ƙazafi a Gidan Katta

Ana sallame sallar asuba muka bar Sakkwato, ni da abokina mai ɗaukar mini hoto. Ba yawon buɗe ido ya fitar da ni ba. Shekaranjiya wani manomi cikin masu bibiyar shafina na noma ya turo hoton wata baƙar tsutsa a kan wakensa, na ce masa ɓarna take yi, gara ya yi feshi. Jama'a suka yi ta yaɗa rubutun. Jiya na sake duba hoton da kyau, na fara zargin na yi kuskure. Na kira shi, waya a kashe.

Hanya dai sai haƙuri, amma damina ta yi kyau, gero ya fi mutum tsawo. A Gwadabawa muka karya da masa mai zafi. Abokina ya ci tasa, ya taya ni cin tawa, wai ya ga hankalina ba ya wurin.

Illela kuwa gari ne da ba ya zama. Ga 'yan canji suna kiran sefa, ga dogon burodin Ƙonni a kan teburan masu shayi, ga babura ko ta ina. Ɗan kabu-kabun da ya kai mu Gidan Katta, ƙauyen manomin, ya fi direban motar da ta kawo mu tsada, amma ya san gonar.

Muka tarar da manomin da tankin feshi a baya, mahaifinsa ya tsaya masa a bakin kunyar wake. Tun jiya suke wannan ja-in-ja. Na durƙusa na gaishe da tsohon.

“Kai ne malamin waya?” in ji shi. “Taho, ɗana, ka gani.”

Ya juya mini ganye ɗaya. Ƙasansa cike da darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotse wake, ga tsutsar tawa a tsakiyarsu tana kama su ɗaya bayan ɗaya.

“Wagga ba ta cin ganye. In kun kashe ta, mi za ya ci darɓar?”

Wallahi kunya ta rufe ni. Ya nuna mini jan ƙwaro mai ɗigon baƙi, ya ce uwarta ke nan. Abin da na karanta a littafi na kasa ganewa a hoto, shi ya tsuguna ya gani da idonsa shekara da shekaru. Na ce, “Baba, gaskiyarka.” Ɗan ya sauke tankin. Aka kawo mana fura mai sanyi, tsohon bai ƙara tayar da maganar ba, kuma wannan ya fi komai burge ni.

Da la'asar muka iso gida, na goge rubutun, na rubuta gyara. Daga yau ba na yanke hukunci da hoto ɗaya. Wancan waken ya tsira saboda akwai dattijo a bakin gonar. Sauran waɗanda suka karanta ni suka yi feshi, ku yafe mini. Ban san ko gonaki nawa ba ne.